Bushiya Ba Ta San Iyaka Ba

A wani ƙauye da ke arewacin Daura, wanda tsakaninsa da ƙasar Nijar bai fi tafiyar hantsi a ƙafa ba, akwai wani dattijo da ya ba shekara 80 baya. Mutanen garin ba su cika kiran sunansa na yanka ba, Malamin Shanu suke ce masa, ko da yake rabonsa da aikin gwamnati an daɗe. A cikin tsohuwar adakarsa, ƙarƙashin rigunan salla, yana ajiye da wani ɗan ƙarfe mai kama da awartaki, duk ya yi tsatsa. Jikokinsa sun daɗe suna zaton kayan wanzanci ne. Shi kuwa duk sa'ad da ya fito da shi, sai ya juya shi a hannu, ya ce da wannan ƙarfe ya huda kunnuwan shanun da ba ya iya ƙidayawa, a zamanin da gwamnatocin ƙasashe huɗu suka haɗa kai suka yaƙi bushiya.

Yaran yanzu in suka ji an ce bushiya, 'yar dabbar nan mai ƙaya ce ke faɗo musu a rai. To, ba ita ake nufi ba a nan. Wannan bushiyar cuta ce ta shanu, 'yar'uwar ƙyanda ce ta wajen asali. Takan fara da zazzaɓi, sai a ga saniya ta daina kiwo, idanunta na zubar da hawaye, hanci na yoyo, baki ya cika da gyambo yana wari. Daga nan sai zawo mai tsanani ya biyo baya, kafin mako biyu ta faɗi. In ta shiga garken da bai taɓa saninta ba, da wuya ta bar saniya ɗaya ko biyu cikin goma.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ciwon shanu da batun abinci, tun da gero da dawa ne cimakar ƙasar Hausa? Amsa ita ce, saniya ba ta Bafillatani ba ce shi kaɗai. Da nononta ake dama fura, da manta ake gyara tuwo. Bayan kaka manomi kan roƙi makiyayi ya sauka a gonarsa, domin kashin shanu shi ne takin talaka. Bijimai su ke jan garma da amalanke. Mahauci da majemi da baduku da mai tallar nono duk a jikinta suke ci. Saboda haka in garke ya ƙare, rumbu ma sai ya ji a jikinsa.

Malamin Shanu bai ga babbar annobar farko ba, amma ya ji labarinta daga bakin kakarsa. A shekarar 1887 ne cutar ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Masawa, a Eritiriya, tare da shanun da sojojin Italiya suka kawo. Cikin 'yan shekaru ta ratsa Habasha, inda aka yi muguwar yunwa daga 1888 zuwa 1892, ta bi ta Sudan da Barno har ta iso ƙasar Hausa. A nan aka yi mata laƙabi da Sannu, domin kuwa babu abin da ake iya ce wa mai shanu sai wannan kalma ta jaje. Kakar tasa ta ce ta ga manyan Fulani, waɗanda a da ba su san iyakar dukiyarsu ba, sun shigo gari da sanda kawai a kafaɗa suna neman ƙodago.

Da Turawa suka zo, kowace hukuma ta yi nata ƙoƙarin a cikin nata yanki. Ingilishi suka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a Vom cikin 1924, kuma bushiya ce babban dalilin kafa ta. Faransawa su ma suka kafa nasu, kamar ta Farsha kusa da Fort Lamy, wato Injamena ta yau. Amma fa saniya ba ta san inda Ingila ta tsaya Faransa ta fara ba. Da damina makiyaya kan yi arewa, su shiga Damagaram da Damargu, da rani su gangaro kudu neman ruwa da harawa. In an yi allura a nan ba a yi a can ba, sai cutar ta laɓe a can, ta jira garke ya dawo.

Abubuwa biyu ne suka sauya wannan hali. Na farko, wani likitan dabbobi Baturen Ingila mai suna Walter Plowright, wanda ke aiki a Muguga ta ƙasar Kenya, ya samar da ruwan allura mai inganci da sauƙin kuɗi, wanda in an yi wa saniya sau ɗaya ya wadatar da ita har ƙarshen rayuwarta. Na biyu, a shekarar 1961 shugabannin ma'aikatun dabbobi na ƙasashen Afirka suka yi taro a Kano, suka amince da shirin haɗin gwiwa da aka fi sani da JP15. Aka fara shi a 1962 a ƙasashe huɗu da ke kewaye da Tafkin Cadi, wato Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, da gudummawar kuɗi daga ƙasashen Turai da Amurka. Daga baya Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wadda aka kafa a 1963, ta karɓi ragamarsa. Sharaɗin shi ne a yi wa kowace saniya allura shekara uku a jere, a lokaci guda a kowane ɓangare na iyaka, kuma duk wadda aka yi wa a huda mata kunne don shaida.

A wannan shekara ce aka ɗauki Malamin Shanu aiki, yana saurayi ɗan shekara 20. Yakan ce wahalar aikin ba allurar ba ce, ƙanƙara ce. Ruwan allurar ba ya jure zafi, don haka sai an ajiye shi cikin firji mai aiki da kananzir, sa'an nan a zuba shi cikin akwatin ƙanƙara a ɗora a Landiroba tun da asuba. A bakin rijiya ko mashaya ake kafa shingen itace mai siririn lungu, shanu su riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, wannan ya soka allura, wancan ya huda kunne, wani na rubuta adadi.

Wannan rubutun adadi shi ya so ya ɓata musu aiki. Fulani sun ga mutumin gwamnati da littafi da alƙalami, sai suka ce ai ƙidayar jangali ce aka sake wa riga. Akwai wani Arɗo da ya kawo shanu kaɗan, ya kora sauran cikin daji. Malamin Shanu ya bi shi har ruga da dare, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Allah Ya ba ka nasara, Arɗo, littafin nan ba ya zuwa hannun mai karɓar jangali. In ya je, ka kira ni maƙaryaci a gaban jama'a." Arɗo ya daɗe yana dubansa, sa'an nan ya ce, "Yaro, kai ɗan wane ne?" Da ya ji sunan mahaifinsa, sai ya sa aka kawo masa ƙwaryar kindirmo. Kashegari garken duka ya zo. Tun daga ranar suka ƙulla amincin da ya kai su tsufa.

Abin da dattijon ya fi jin daɗin bayarwa shi ne labarin haɗuwarsu da takwarorinsu na Nijar. Wata rana ayarin biyu suka yi kiciɓis a wata rijiya ta kan iyaka. Takardun wannan da Turancin Ingilishi aka rubuta, na wancan da Faransanci, babu mai iya karanta na wani. Sai shugaban ayarin Nijar, wanda yaransa ke kira Mushe, ya yi dariya ya ce, "Malam, bar takardar nan. Bisashen da suka kwana wajenku jiya, an huda su ko ba a huda ba?" Da Hausa suka raba aikin, da Hausa suka shirya inda za su sake gamuwa, har ƙanƙara suka ranta wa juna. Yarjejeniyar da manya suka sa wa hannu da harsunan Turawa, a bakin rijiya da Hausa aka cika ta. Kunnen saniya kuwa ya zama takardar da kowa ke iya karantawa.

Shirin ya ci gaba daga yanki zuwa yanki har ya game ƙasashe 22, aka rufe shi a 1976. Bushiya ta yi ƙasa ƙwarai, har aka ɗauka ta tafi ke nan. Sai dai an bar wa kowace ƙasa alhakin ci gaba da yi wa 'yan maruƙa allura kowace shekara, domin kariyar da ɗan maraƙi ke samu daga dakashin uwarsa ta 'yan watanni ce. Da kuɗin waje suka ƙare, sai wannan aiki ya yi rauni a ƙasashe da dama. Motoci suka lalace, firji suka mutu, hankalin hukumomi ya koma wani wuri. Ashe an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin cutar tana nan laɓe a wajen iyakar Mali da Muritaniya, da kuma kudancin Sudan da Habasha.

A farkon shekarun 1980 ta taso daga gabas da yamma, ta tarar da garkunan da yawancin shanunsu ba su da huda a kunne. A 1983 ta yi kaca-kaca da arewacin Nijeriya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ƙiyasta hasarar Nijeriya kaɗai da kimanin dala biliyan 2. Malamin Shanu ya je rugar amininsa, tun daga nesa wari da ungulu suka gaya masa abin da ya faru. Ya tarar da Arɗo zaune a gindin kargo, tsofaffin shanu masu hudajjen kunne na tsaye su kaɗai a cikin mushen 'ya'yansu da jikokinsu. Arɗo bai yi masa faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, waɗanda ka taɓa ga su nan. Ina ka shiga da aka haifi sauran?" Dattijon ya ce har gobe bai sami amsar da zai ba shi ba. Shi kansa bijimansa biyu na huɗa sun tafi a wannan shekara, ga kuma fari ya biyo baya a 1984, shekarar da aka rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa har zuwa 1986. Gonar da yake nomewa da garma ta koma ta fartanya, rabinta ya zama saura.

Wannan wuya ce ta sa gwamnatoci suka sake zama. A 1986 aka ƙaddamar da sabon gangami na Afirka baki ɗaya, ƙarƙashin ofishin kula da dabbobi na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da ke Nairobi. A wannan karon an koyi darasi. Ba allura kaɗai aka sa gaba ba, har da bin sawun cutar da gwajin jini da sanar da maƙwabta da zarar an ga alama. Aka kuma samo ruwan allurar da ke jure zafi, aka koya wa makiyaya kansu yin ta a wuraren da mota ba ta zuwa. Bayan 1988 ba a ƙara ganin cutar a Afirka ta Yamma ba. A 1994 FAO ta ɗauki nauyin haɗa kan duniya a kai. Wurin ƙarshe da aka tabbatar da ita shi ne cikin ɓaunaye a gandun dajin Meru na Kenya, a 2001. Ranar 25 ga Mayu, 2011, Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta bayyana a Faris cewa bushiya ta ƙare a doron ƙasa, FAO ta tabbatar da haka a Rum cikin watan Yuni. Ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa kawarwa, bayan agana a 1980. Malamin Shanu a rediyo ya ji labarin. Arɗo bai ji ba, domin ya riga mu gidan gaskiya.

To, me ya hana dattijon kwanciyar rai? Yakan ce bushiya ta mutu, amma ta bar ƙanwa, wato annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, wadda a taron Abijan na 2015 aka ɗauri aniyar kawar da ita nan da 2030. Akuya kuwa ita ce asusun matan karkara, ita ake sayarwa a sayi hatsi in rumbu ya ƙare da bazara. Ga ciwon huhu na shanu, ga fara, ga jan-baki masu cinye gero, babu ɗayansu da ke tsayawa a shingen kwastan. Amma a idonsa aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sa'an nan a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS. A duk lokacin da aka rufe hanya, dabbobi ba su daina ƙetarawa ba, ta daji suka riƙa bi, inda babu mai duba bakinsu balle ya tambayi takardar allura.

Ba ya shiga gardamar wa ke da gaskiya tsakanin shugabanni, yakan ce wannan ya fi ƙarfinsa. Roƙonsa guda ne, in manya sun ɓata, su bar malaman dabbobi da na gona su ci gaba da gaisawa, domin Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kwanan baya wani jikansa mai karatun aikin gona ya ce, "Baba, ka ba ni ƙarfen nan in kai makaranta a ajiye." Dattijon ya nannaɗe shi cikin tsumma, ya miƙa masa, ya ce, "Ka kai, amma in sun tambaye ka labarinsa, kada ka tsaya a 1962. Ka gaya musu na 1983." Allah Ya kiyashe mu da maimaita irin wannan sakaci, amin.