Lokacin da makulli ya ƙi fita

Abin da ya fi damuna idan batirin mota ya mutu shi ne gaggawar da ke kama zuciya. Ka murɗa makulli, ba ka jin komai sai ƙas-ƙas. Ka zo zare shi, ya ƙi fita. Nan take hannu ke son gwada ƙarfi, kuma a nan ake karya makulli a rami.

Galibi makullin lafiyarsa ƙalau. A motoci masu giyar otomatik akwai ɗan abin da ke riƙe shi, ba ya sakinsa sai giya tana kan P, a wasu kuma sai da wuta. Batiri mai cikakken caji yana nuna volt 12.6, idan ya yi ƙasa sosai, a motocin da sai da wuta, abin nan ba ya motsi. Turi ba ya tayar da irin wannan mota, sai an jona mata waya daga wani batirin.

Zafin bazara yana cin batiri a hankali, ba a sani ba, har ranar da ake sauri. Ina tausayin wanda abin ya sama da dare, da iyali a mota.

Idan ya same ka, ɗan'uwa, saki makullin, nemi wuta tukuna.