Ranar da Ido da Kunne Suka Saɓa

Ina tace bidiyon hawan Daushe, wanda aka ɗauko da waya hannu na rawa, abin ya fara kama ni. Ban yi minti goma ba ɗakin ya soma juyawa, zuciyata ta tashi, gumi ya keto mini. Na zaci hawan jini ne. Aka auna, lafiya ƙalau.

Daga baya na gano inda gizo ke saƙa. Can cikin kowane kunne akwai ƙananan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa. Motsin ruwan nan ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya. A gaban kwamfuta kuwa, ido ya kai rahoton ana sukuwa, kunne ya ce a kujera muke, ƙwaƙwalwa ta rasa wanda za ta gaskata. A 1977, masani Michel Treisman ya yi hasashen cewa takan ɗauki wannan saɓani alamar an ci guba, shi ya sa amai ke tasowa.

Ba ni kaɗai ba ne. Da Apple ya fitar da iOS 7 a 2013, masu iPhone da dama sun koka da jiri saboda zillon hotuna.

Abincina a gaban allon nan yake, gudu ba nawa ba ne. Yanzu nakan ƙanƙance bidiyon, in haska ɗaki, in hana bidiyo kunna kansa. Da na ji alamar jiri, sai in dakata in kafe ido a bango, har shaidun biyu su daidaita.