Hutu A Garnaɗa: Abin Da Fada Ta Bayyana Da Abin Da Tukunya Ta Ɓoye

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta shigo cikin attajiranmu da manyan ma'aikatan gwamnati, wato mutum ya kwashi iyalinsa lokacin hutu ya nufi ƙasashen Turai, sau da yawa ma a daidaita tafiyar da ranar da maigida ya cika shekara 50 ko 60 da haihuwa, a je can a yanka kek, a ɗauki hotuna, a komo gida da tsaraba. Galibi Landan ake nufa ko Paris. To, shawarata ga wanda Allah Ya hore wa guzuri, in har ya ƙudura niyyar tafiya, ya karkata akalarsa zuwa kudancin ƙasar Sifen, wato Andalus ta littattafai, ya sauka a birnin Garnaɗa. Daga Madrid tafiyar awa uku da 'yan kai ce a jirgin ƙasa mai sauri.

Bahaushen da ya zauna gaban malami ba baƙo ba ne a Andalus, ko da bai taɓa taka ta ba. Tuhfa da alƙalanmu ke hukunci da ita, Ibn Asim ne ya wallafa ta, babban alƙalin Garnaɗa, wanda ya rasu a 1426. Ishiriniya da ake rerawa a zaurukanmu, mai ita Alfazazi haifaffen Ƙurɗuba ne. Alƙali Iyal mai Ashafa, shi ma ya taɓa riƙe alƙalancin Garnaɗa na ɗan lokaci. Haka nan Abu Is'haƙ Assahili, mawaƙin da ya biyo Mansa Musa daga Makka zuwa Mali, ya rasu a Tambutu a 1346, ɗan wannan birni ne. Mazhabarsu ta Malikiyya ce, irin tamu.

Musulmi sun shiga Andalus a 711, Garnaɗa kuwa ita ce daularsu ta ƙarshe, ta faɗi ranar 2 ga Janairu 1492, sa'ad da Sarki Abu Abdullahi ya miƙa mabuɗanta ga Fadinan da Isabela. Abin da kowa ke zuwa gani shi ne fadar Alhamra, wadda sarakunan Banu Nasar suka gina bisa wani tudu, bayanta ga duwatsu masu ƙanƙara. Mutum fiye da miliyan biyu ke shigarta kowace shekara, saboda haka sai an sayi tikiti tun kafin a baro gida, kuma akwai sa'ar da aka rubuta wa kowa ta shiga ɗakunan sarauta, wanda ya makara ya yi asara. A riƙe fasfo a hannu, don ana dubawa a ƙofa.

Ba zan tsawaita a kan siffar ginin ba, gama alƙalami ba ya iya masa. Akwai tsakar gida mai zakoki 12 na marmara ɗauke da kwatarniyar ruwa, kewaye da ginshiƙai 124 sirara. Akwai rubutun Larabci a kusan kowane bango, mafi yawansa taken gidan sarautar ne, mai ma'anar babu mai rinjaye sai Allah, an maimaita shi har ido ya gaji da ƙirga. Wanda ya iya karatun allo zai tsaya yana karanta bango, sauran 'yan yawon buɗe ido suna wucewa suna zaton zanen ado ne kawai. Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ruwa. Daga kogin Darro suka janyo shi ta magudana mai nisa har bisa tudun, ba inji ba famfo, ya ratsa lambuna da ɗakuna, har yau yana gudu. Ma'aikacin hukumar ruwa da ya ga wannan, lalle ya komo da abin tunani.

Tun da maganar ranar haihuwa ce ta kawo mu, to, mai karatu ya sani a wannan fada an yi wani bikin haihuwa da tarihi bai manta ba. Sarki Muhammadu na Biyar, wanda aka tumɓuke a 1359 ya yi gudun hijira zuwa Fas, ya komo kan gadonsa a 1362. A ƙarshen Disamba na wannan shekara, daidai da Rabi'ul Awwal na 764 bayan Hijira, ya tara jama'a Maulidin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a sashen fadar da ake kira Mashwar, wanda a lokacin ake cikin sabunta gininsa. Wazirinsa Ibnul Haɗib ya rubuta labarin daren. An yi salla, aka shimfiɗa abinci ga manya da malamai da sufaye da fatake, aka kwana ana zikiri da yabo. An kafa wani agogo na katako mai ƙofofi 12 da kyandir a bisansa, duk sa'ad da awa ta cika sai wutar ta cinye wani zare, ƙofa ta buɗe, a karanta baitocin da aka shirya wa wannan sa'a. Cikin baƙin daren akwai wani saurayi da ya iso birnin 'yan kwanaki kaɗan kafin nan, ya miƙe ya karanta tasa ƙasidar. Shi ne Ibn Haldun, mai Muƙaddima.

Yadda Maulidi ya shigo wannan yanki kuwa abin lura ne. Wani malami na birnin Sabta, a gaɓar Maroko daura da Andalus, mai suna Abul Abbas Al'azafi, wanda ya rasu a 1236, ya ga Musulmi sun duƙufa ga bukukuwan maƙwabtansu Nasara, na Kirsimeti da na sabuwar shekara. Suna kashe dukiya wajen sayen 'ya'yan itatuwa da kayan zaƙi, suna toya wani irin gurasa mai siffar birni da ganuwarsa don yara. Sai ya ga hani kaɗai ba zai raba yaro da abin daɗi ba, ya rubuta littafi yana kira a mai da hankalin jama'a ga haihuwar Manzonsu. Ɗansa Abul Ƙasim, da ya zama mai mulkin Sabta, shi ya mai da abin bikin hukuma. Ba dukan malamai ne suka yarda ba. Imam Shaɗibi mai Muwafaƙat, wanda ya rayu a Garnaɗa ya rasu a 1388, ya ba da fatawa cewa bidi'a ce. Ashe gardamar da muke yi a masallatanmu ta girmi kakannin kakanninmu. In kuwa an yi saɓani a kan wannan, to, ina ga kek da kyandirori na ranar haihuwar Alhaji? Ba ni da nufin yanke hukunci a wannan fili. Abin da na ce kawai, wanda ya cika shekara 60 ya tsaya a wurin da mulkin shekara kusan 800 ya ƙare, da wuya ya fito bai lissafa abin da ya rage masa ba, wannan kuwa ya fi kek amfani.

In an sauko daga tudu zuwa cikin gari, ɗan kasuwa zai ga abin da ya sani. Ga masaukin fatake na ƙarni na 14, da ɗakuna hawa-hawa kewaye da tsakar gida, da wurin shayar da dabbobi a tsakiya, tamkar gidan wani fatoma a Kano. Ga lungunan tsohuwar kasuwar alharini, ko da yake gobara ta cinye ta a 1843 aka sāke gina ta. Ga makarantar da Sarki Yusufu na Ɗaya ya kafa a 1349, har yanzu mihrabinta na nan. Kunne kuma zai riƙa tsintar kalmomi. Mai suna ce masa aceite, daga azzait. Shinkafa arroz, sukari azúcar, za'afaran azafrán. Yadda muka riƙe "al" ta Larabci a albasa da alkama, haka su ma suka riƙe ta, har magajin gari suna kiransa alcalde, wato alƙali.

Amma da zarar cin abinci ya zo, sai baƙo Musulmi ya ga wata fuska. Kusan kowane gidan abinci ka leƙa, ga cinyoyin alade busassu rataye a rufi reras, kamar yadda ake rataye albasa a rumbu. Wannan yana da tarihi, kuma tarihin ne zuciyar abin da nake son mai karatu ya riƙe.

Yarjejeniyar 1491 ta yi wa Musulmi alkawarin addininsu da masallatansu da alƙalansu. Ba a yi shekara goma ba aka warware ta. Daga 1499 aka fara yi musu baftisma ta tilas, zuwa 1502 doka ta ce ko mutum ya zama Kirista ko ya bar ƙasar. Da yawa suka amsa da baki, zuciya na nan inda take. A 1504 wani mufti ya aiko musu da fatawa, cewa in an tilasta su ga giya ko naman alade su ci, muddin suna ƙi a zuci. Da yake an rufe masallatai, an ƙone littattafai, ina hukuma za ta gane wanda bai saki addininsa ba? Sai ta nufi madafa. Aka hana yanka irin na Musulunci. Kotun binciken aƙida ta coci, wadda aka kafa reshenta a Garnaɗa a 1526, ta riƙa karɓar ƙara daga maƙwabta da barori: wane an miƙa masa naman alade ya kau da kai, wance tana suya da man zaitun ba ta taɓa kitsen alade, gidan wane suna cin kuskus a ƙasa da hannu, ba a ga hayaƙi a gidansu da rana ba wata guda cur. A 1567 aka haramta harshen Larabci da tufafinsu da gidajen wankansu, aka ce ranar Juma'a su bar ƙofofinsu a buɗe. Suka yi tawaye a duwatsun Albusharat daga 1568 zuwa 1571, aka murƙushe su. Daga 1609 zuwa 1614 aka kore su daga Sifen baki ɗaya, mutum wajen 300,000.

A lura da lissafin. Sarauta ta faɗi a 1492, amma fiye da shekara 100 bayan haka mata na nan suna tsare tukunyarsu. Sarakuna sun bar gini, sunayensu na jikin bango. Waɗannan mata kuwa ba wanda ya sassaƙa sunansu a dutse, sai dai a takardun kotun da ta hukunta su. A wancan zamani cin naman alade shaida ce ta cewa gidan ba a zarginsa. Yau kuwa ƙauyen Tarebeles, cikin duwatsun da aka yi tawayen, da busasshen naman alade ya yi suna.

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen Garnaɗa na yanzu da wata manufa suke miƙo masa wannan nama. Abincinsu ne da suka tashi suka tarar, mutane ne masu fara'a, in ka ce ba ka ci sai su canza maka. Har al'adarsu ce in ka sayi abin sha, ko da lemo ne, a haɗo maka da ɗan abin taɓawa kyauta, to, nan ne fa ake yin hattara. Akwai kalmomin da ya kamata a haddace: cerdo shi ne alade, jamón busasshiyar cinyarsa, tocino da manteca kitsensa, chorizo tsiran da ake cusawa a hanji, vino kuwa giya. Cewa "ba na cin nama" ba ta isa ba, don da yawansu ba sa lissafa ɗan barbaɗen jamón cikin nama, sai a watsa shi a kan wake ko miyar tumatir. Kayan zaƙi ma haka. Mantecados da polvorones, waɗanda ke cika kantuna a ƙarshen shekara, da kitsen alade ake murza su in ba an rubuta na man zaitun ne ba. Kek ɗin ranar haihuwa kuwa a tambaya ko an jiƙa shi da barasa.

Abin da ya rage bayan wannan yana da yawa, kuma shi ne mafi daɗi. Akwai soyayyen kifi, da wainar ƙwai da dankalin Turawa, da gazpacho, miyar tumatir mai sanyi da ake sha lokacin zafi. Akwai yalo baƙi da ake yankawa a soya a ɗiga masa baƙin ruwan rake, kamar maɗi. Akwai kwaɗon lemon zaƙi da albasa da zaitun da kifi mai gishiri. Rake da yalon da shinkafa duk a zamanin Musulmi suka yaɗu a ƙasar. Wani malami ɗan Mursiya, Ibn Razin Attujibi, ya rubuta littafin girki a ƙarni na 13 bayan ya yi hijira zuwa Tunis, a ciki har da yadda ake turara kuskus, kamar mai tsoron kada ɗanɗanon gida ya ɓace tare da gidan.

Ga mai iyali, ya fi kyau ya kama masauki mai madafa maimakon otal. Kasuwar San Agustin tana kusa da babban cocin gari, wanda aka gina a filin tsohon masallacin Juma'a, akwai kifi da kayan lambu, da rumman in kaka ce, wanda da sunansa ake kiran birnin a harshensu. Naman halal kuwa ana samu wajen mahauta 'yan Maroko a titin Elvira da kewayensa, kusa da hawan da ke cike da shagunan shayi. A sani ba sa cin abincin rana sai ƙarfe biyu, na dare sai tara, da bazara kuma rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi.

Wannan hawan shi ke kai mutum unguwar Albayyazin, tsohuwar unguwar Musulmi mai fararen gidaje da ƙananan lunguna. A ƙololuwarta akwai masallacin da aka buɗe a watan Yuli na 2003, bayan birnin ya yi shekara wajen 500 ba a gina irinsa ba. Ladan yana hawa hasumiya ya kira salla da muryarsa, ba lasifika. Daga lambun masallacin ana hango Alhamra gaba da gaba, kwari ne kawai tsakani, kuma da la'asar sakaliya bangonta yakan yi ja wur. A je da wuri, don wurin tsayawa yana cika kafin magariba.