Wasiƙa Daga Barbes: Ni da Kofin Mushe



'Yan uwa da abokan arziki na Maraɗi da Yamai da Kano, da duk inda wannan wasiƙa ta iske ku, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, ina neman afuwa kan dogon shirun da na yi. Goggo ta aiko a tambaye ni wai ko alƙalamina ne ya bushe. Bai bushe ba Goggo, maganar ce take da nauyi, na daɗe ina juya ta a baki na rasa ta inda zan fara. Yau dai na ce bari in sauke, wanda zai yi mini faɗa ya yi, ai ni naku ne.

Kun san Baba ya rasu a 2024 ban samu zuwa ba. Takardata ta zama tana hannun hukuma ana sabuntawa, ga shi tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 jiragen Faransa sun daina sauka Yamai, sai mutum ya yi zagaye ta wata ƙasa. Ko da ma akwai hanya, kafin in kai filin jirgi an riga an kai shi makwancinsa. Na karɓi gaisuwa a waya, muka yi addu'a da 'yan uwa na nan, na koma bakin aikina. Abin da ban gaya muku ba shi ne tun daga lokacin barci ya ƙaurace mini. In kwanta ƙarfe goma sha biyu, ƙarfe biyu idona biyu, sai juyi har asuba. Sai da na yanke yatsa a kicin ɗin da nake aiki, aka yi mini ɗinki huɗu, sannan na je wurin likita. Ta auna jini, ta auna komai, ta ce jikina lafiya lau, amma akwai wanda take so in je in gani.

To ku kwantar da hankalinku, ban zautu ba. A nan likitan ƙwaƙwalwa mai rubuta magani daban, wanda aka tura ni wurinsa daban. Shi ba ya ba da ƙwaya ko allura, aikinsa ka zauna ka yi magana ya saurara, ya yi maka tambaya. Gwamnatin Faransa ta fito da wani tsari a 2022, aka faɗaɗa shi a Yunin 2024, mutum yana da zama 12 a shekara, kowane zama Yuro 50, wato kusan jika 33 na sefa, kuma inshorar lafiya ce ke biya. Da daga aljihuna ne, wallahi da ban je ba.

Daga ɗakina kusa da Château Rouge a ƙafa nake zuwa. Sai na bi ta bakin tashar metro ta Barbès-Rochechouart, inda samari ke tsaye suna rera "Marlboro, Marlboro" a kunnen duk mai wucewa, ranar Laraba kuma ga kasuwar ƙarƙashin gadar jirgi ta cika, ana ihun tumatir da lemo kamar babbar kasuwar Maraɗi. Daga wannan hayaniya sai ka hau bene ka shiga ɗaki tsit. Kujeru biyu, agogo, kwalin hankicin takarda, da ɗan tebur a gefen mai ɗakin. Dattijo ne, ya haura sittin, kansa duk furfura. Ni Mushe nake ce masa, kamar yadda muke ce wa malamanmu na lakwal. A kan teburin nan nasa abu biyu ba sa rabuwa da shi: babban kofi na gahawa, da wani ƙarfe baƙi mai kama da alƙalami, wato sigarin lantarki, wanda ake zuba wa ruwa mai ƙamshi ana zuƙa yana fitar da tururi.

Tun ranar farko abin ya tsaya mini a rai. Na zauna, ya gaishe ni da fara'a, ya ce me ke tafe da ni, ya ɗaga kofinsa ya kurɓa. Babu bismilla, babu ko tayi. Ku da kanku kun san gidanmu. Baƙo bai isa ya buɗe baki a zauren Baba ba sai an kawo masa ruwa, sai ya sha ya sauke numfashi sannan a tambaye shi labari. Ko ƙosai ɗaya ne a hannunka, mutum ya shigo, sai ka ce bismilla, shi kuma ya ce alhamdulillahi. Inna kullum tana ce mana kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Amma na ce a raina kowane gari da irin nasa allon, shekara nawa ina ganin mutane suna cin burodi a metro ba sa duban kowa. Na haɗiye.

Zama na biyar ya faɗo cikin azumi, a watan Maris na 2025. Ranar ce na fara ba shi labarin wayar da aka yi mini da asuba. Ina cikin magana, maƙogwarona a bushe, sai na ga hannunsa ya tafi ga kofi. Na ji ƙarar kurɓar, na ji ƙamshin gahawar. Na yi shiru ina neman kalma ta gaba. Cikin shirun nan sai ya ɗan juya wajen taga, ya kai ƙarfen nan baki, ya zuƙa sau ɗaya, ya fesar a hankali. Ɗakin ya ɗauki ƙamshin mangwaro. 'Yan uwa, maganar da ta taso har wuyana sai ta koma ciki. Ya ce in ci gaba. Na ce ai shi ke nan, babu komai. Muka ƙarasa lokacin da zancen aiki da sanyi, na sauko. Mako biyu ban koma ba, ya aiko saƙo ban amsa ba.

Da ƙaramar salla na hau jirgin ƙasa zuwa Liyon, tafiyar awa biyu, wurin Yaya ɗiyar Kawu, wadda kuka san tana aikin jinya a can. Muka je unguwar Guillotière sayen nama, ita ce Barbes ɗinsu, har da masu rera sunan sigari a bakin metro. Da dare bayan an ci an sha na ba su labari, ita da maigidanta.

Maigidan nata ya fara da doka, shi dama ɗan boko ne. Ya ce tun 2007 aka hana shan taba a wuraren aiki da asibitoci, a 2008 aka haɗa da gidajen gahawa da na abinci. Na lantarki kuwa sai a Oktoban 2017 aka hana shi a makarantu, da cikin metro da jiragen ƙasa da motocin haya, da ofisoshin da ma'aikata ke zaune tare. Dattijon yana ɗakinsa shi kaɗai, don haka ban da inda zan kai ƙara. Ya ƙara da dariya cewa ai gado ya yi, don Freud, kakan masu wannan sana'a, wanda ya zo karatu nan Paris a 1885, da ƙatuwar tabarsa a baki yake sauraron marasa lafiya, yakan sha wajen ashirin a rana, har ciwon daji ya kama shi a muƙamuƙi a 1923. Na ce to Allah ya kyauta, ni ban zo neman doka ba.

Yaya ta bar shi ya gama, sannan ta ce in raba abin biyu. Ta ce rashin tayi ba lalle rowa ba ne. Suna da wata kalma, cadre, wato kamar firam ɗin hoto: lokaci ɗaya, ɗaki ɗaya, kujera ɗaya, ba kyauta, ba ziyara. Wasunsu da gangan ba sa ba ka komai, don kada ka ji kai baƙo ne, saboda baƙo yana jin nauyin mai gida, ba ya iya faɗa masa magana mai ɗaci. Wasu kuma suna ajiye ruwa ko shayi, kowa da makarantar da ya fito. Kuma mutumin da ke sauraron mutum bakwai ko takwas a yini dole ya jiƙa maƙoshi. Amma ta ce tururin nan ba ta goyi bayansa ba ko kaɗan, domin iskar ɗakin ta ku biyu ce, abin da ya fesar kai za ka shaƙa, kuma bai tambaye ka ba. Sannan a daidai lokacin da ya zuƙa, buƙatar kansa yake biya, alhali sa'ar taka ce.

Sai ta dube ni ta ce, "To ka gaya masa?"

Na ce, "Haba Yaya, mutumin da ya yi sa'ar Baba zan ce wa ya ajiye kofinsa?"

Ta ce, "Ƙanena, karar nan taka ita ta hana ka barci. An buɗe maka ɗaki don ka faɗi abin da ba ya faɗuwa, ka shiga kana yi wa mai ɗakin kara. In ba ka iya gaya masa maganar kofi ba, yaushe za ka gaya masa babbar?"

Na kwana da wannan magana. Da na dawo Paris na kira shi, ya ba ni rana. Tun daga gindin bene nake maimaita jimlar a raina kamar mai hadda. Da na zauna na ce masa, Mushe, ina da magana, kada ka ji haushi. Na gaya masa duka, da azumin, da gahawar, da mangwaron. Ina magana ina kallon takalmina.

Fuskarsa ta yi ja har kunne. Bai kawo hujja ba. Ya ce a kan sigarin ya yi kuskure, ya ba ni haƙuri, ya buɗe aljihun tebur ya jefa shi ciki ya rufe. Ya ce shekara talatin ya yi yana shan taba kafin ya koma wannan, har hannunsa ya saba tafiya ba da saninsa ba, amma wannan matsalarsa ce, bai kamata ta shigo sa'ata ba. Game da gahawa ya faɗi kusan abin da Yaya ta faɗa, ya ƙara da cewa bai taɓa tsayawa ya yi tunanin yadda abin yake a idon wanda ke zaune a ɗaya kujerar ba. Sannan ya yi shiru, ya tambaye ni, "A gidanku, wa ke kawo wa baƙo ruwa?"

Na buɗe baki in ce yara, sai na ji na ce, "Ni."

Kun tuna ai. Tun ina ɗan shekara shida, da an yi sallama a zaure Baba sunana yake kira, in ruga randar Inna in cika moɗa, in kawo da hannu biyu in durƙusa. Ko shi kansa in ya dawo daga kasuwa, ruwan hannuna yake sha. To ga abin da na ɓoye muku. Ranar da aka yi rasuwar, Auta ta gaya mini a waya cewa a darensa na ƙarshe Baba ya nemi ruwa, kuma sunana ya kira, har sau biyu, kafin ita ta ɗaga kansa ta ba shi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kullum ƙarfe biyu na dare wannan kiran ne yake tashe ni. A ɗakin nan na faɗe shi a karo na farko, na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwa, dattijon nan yana zaune hannuwansa biyu a kan gwiwa, bai taɓa komai ba har na gama.

Auta, kada ki ce laifinki ne da kika gaya mini. Gara da kika faɗa. Kuma ke kika ba shi ruwan, Allah ya ba ki ladan, ya shayar da ke daga Alkausara.

Mako na gaba da na shiga, na tarar da tulun gilashi na ruwa a tsakiya da kofuna biyu. Ya ce wanda ya ji ƙishi ya zuba. Gahawarsa kuma sai tsakanin fitar wani da shigar wani. Ba zan ce muku ruwan nan ne ya warkar da ni ba. Sai da na cinye zamana goma sha biyu, ga addu'a, ga tashi sallar dare da limaminmu ya ba ni shawara in mayar da farkawar nan ta zama. Har yanzu akwai daren da ke yi mini tsawo, amma yawanci ina kaiwa asuba, alhamdulillahi.

Na kuma duba kaina na ga ashe ni ma Mushe ne. Sau nawa Inna take ba ni labarin ciwon ƙafarta a waya, ni kuwa ina hura shayi ina duba saƙonni, ina cewa "to, to, Allah ya sawwaƙe"? Kuma a gida sau nawa mace take kawo kukanta wurin babba, shi yana ɓantarar goro yana amsa gaisuwar masu wucewa? Ba mugunta ba ce, sabo ne, amma mai magana yana kallon hannunka, yana kallon bakinka, kuma daga nan yake yanke shawarar ko zai faɗi ta cikin ko ya bar ta. Shi ma mai maganar yana da nasa laifin in ya haɗiye ya tafi, kamar yadda na kusa yi. Da ban koma ba, da har gobe ina cewa Bature ne ya wulaƙanta ni, alhali mutumin bai ma san ya yi ba.

Yaya Babba, na aiko da 'yan kuɗi ta hannun wanda aka saba. Don Allah a sayi randa sabuwa babba da moɗa biyu, a kafa a ƙofar gida ƙarƙashin dogon yaron nan, a riƙa cika ta kullum don masu wucewa, ladan ya isa ga Baba. A sa yaran gidan su riƙa cikawa bi da bi. Wanda zai karanta wa Inna wannan wasiƙa ya karanta a hankali, in ya ga wurin da zai yi mata nauyi ya tsaya ta huta. Inna, ki yafe mini, ranar Juma'a zan kira, kuma ba shayi a hannuna.

A gaida Goggo da Kawu, da mutanen zaure, da duk wanda ya tambaye ni. In an samu mai zuwa a saƙo mini kilishi da ɗan yaji, na nan ba ya kama baki.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya kyauta namu zuwan.

Wassalam,
Naku na Barbes.