Ranar da Malami Ya Sauka Daga Jirgi

A wajenmu, daga Ɗan Isa har cikin Ƙaura Namoda, in tsoho ya ce "jirgi" to na ƙasa yake nufi. Tun 1929 layin dogo ya iso Ƙaura daga Zariya ta Gusau, nan kuma ya tsaya, shi ya sa kakanninmu suka san tasha, suka san lodin gyaɗa da auduga. Jirgin sama kuwa sai dai a ɗaga kai a hangi farin layin da ya bari can ƙololuwa, ko kuma a 'yan shekarun nan a ji rugugin na soja ya nufi dajin Zurmi ko Shinkafi. Alhazai ne kaɗai ke da labarin cikinsa. Duk zaman da na yi a sakandare ban taɓa jin wani ɗan ajinmu ya ce yana son zama matuƙin jirgi ba. Kowa likita, kowa soja. Abin da ido bai gani ba, da wuya zuciya ta roƙe shi.

Wanda ya zo karatu Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, kamar yadda na zo, nan da nan zai lura da ƙananan jirage masu farfela ɗaya suna kewaya sama, su yi ƙasa su ɓace, can kuma su sake bayyana. Daga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya suke tasowa, wadda ke Palladan a kan hanyar Sakkwato. An kafa ta a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. Ban da matuƙa, tana horar da injiniyoyin gyaran jirgi da masu ba jirage hanya daga hasumiya. A nan Kyaftin Chinyere Kalu ta koyi tuƙi, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, daga baya kuma ta dawo ta shugabanci kwalejin a 2011. Jiragen koyon akwai Tampico ƙirar Faransa, akwai kuma sababbi na kamfanin Diamond. Kujera huɗu ce a ciki, faɗin wurin zaman bai kai na motar tasi ba.

Ɗan yayan babana yana cikin masu wannan kewayen. Ya girme ni da shekara huɗu, Yaya nake ce masa. Kafin ya shiga sai da aka yi zaman dangi har sau biyu, domin kuɗin wannan karatu miliyoyi ne, mu kuma manoma ne da rabin gonakinmu ke inda ba a iya zuwa yanzu. An sayar da shanun da aka samu aka tsere da su, wani kawunsa mai sana'a a Legas ya ɗauki kaso mafi girma. Saboda haka duk awa ɗaya da Yaya ya yi a sama, ya san sa nawa aka kai kasuwa dominta.

Abin da ɗaliban tuƙi suka fi jira, suka kuma fi tsoro, shi ne ranar da suke kira solo, wato ranar da ɗalibi zai tashi da jirgi shi kaɗai a karo na farko. Yawanci takan zo bayan mutum ya yi awa goma zuwa ashirin yana tashi da malami a gefensa. Wanda aka ga ya daɗe bai kai nan ba, sai a fara duba lamarinsa, kuma kowace awa ta ƙari kuɗi ce. Yaya ya yi makonni yana fama da sauka. Tashi da jirgi, in ji shi, ko ni in an nuna mini zan iya: ka saita hancinsa da tsakiyar titi, ka ba shi wuta duka, in gudu ya haura kilomita 100 a awa ka ja sanda a hankali, shi da kansa zai rabu da ƙasa. Dawo da shi lafiya shi ne aikin. Fiffike yana riƙe jirgi ne muddin iska na bi ta kansa da isasshen gudu. In ka rage gudu fiye da kima kana ɗaga hanci, iskar ta daina bin fiffiken yadda ya kamata, jirgi ya saki. In kuma ka zo da gudu da yawa, sai ya yi ta shawagi a kan titin ya ƙi zama har titin ya kusa ƙarewa. Tsakanin waɗannan biyun akwai ɗan wuri ƙanƙani, kuma hannu da ido ne ke koyonsa, karatun dare ba ya kai mutum can.

Ba a faɗa masa ranar ba. Malamai da yawa haka suke yi, don kada ɗalibi ya kwana bai runtsa ba. Da safe ne, iska a kwance, sama garau. Suka yi kewaye uku tare, malamin bai taɓa komai ba, bai ma ce uffan ba. Bayan sauka ta uku ya ce a kauce daga titi a tsaya. Ya yi magana da hasumiya, ya cire abin kunnensa, ya kwance bel. Ya ce masa kewaye ɗaya zai yi, in kuma ya zo sauka ya ga abin bai yi masa daidai ba, ya ba jirgi wuta ya sake zagayowa, babu wanda zai ga laifinsa. Ya rufe ƙofa, ya yi tafiyarsa ko waiwaye babu.

Da yamma a teburin mai shayi Yaya ya ba ni labarin, kofin na rawa a hannunsa duk da awa tara sun wuce. Ya ce abin da ya fara yi shi ne addu'ar hawa abin hawa, sannan ya ɗauki takardar binciken da ake bi layi-layi kafin tashi, ya karanta ta da ƙarfi kamar malamin na nan yana saurare. Mai, birki, fiffike, kayan aunawa. Ya kira hasumiya da Turanci, ya faɗi lambar jirginsa wadda ta fara da 5N kamar kowane jirgin da aka yi wa rajista a Najeriya, aka ba shi izini.

Abu na farko da ya ba shi mamaki shi ne yadda jirgin ya yi tsalle sama. An sha gaya musu a aji cewa in nauyin mutum guda ya fita daga ƙaramin jirgi zai tashi da wuri, ya hau da sauri, amma jin abin a jiki daban ne. Kewayen kansa fasalin akwati gare shi. Ka tashi kana fuskantar iska, ka karya kwana, ka daidaita a tsayin ƙafa 1,000, kimanin mita 300 ke nan, ka bi gefen titin kana komawa baya, ka sake karya kwana biyu kana sauka har ka fuskanci titin. A doguwar tafiyar nan ta gefen titi ne kawai ake samun 'yan daƙiƙoƙin numfasawa. Ya ce nan ya hangi dutsen Kufena da rufin kwanon Samaru, sannan ya juya dama don ya ji ko malam zai ce wani abu, ya ga kujera wayam, bel a ɗaure a kan iska. Ya ce dariya ce ta kama shi, shi kaɗai, a sama.

Na tambaye shi ko bai ji tsoro ba. Ya ce tsoro a ƙasa ya bar shi, a sama aiki ya yi yawa. Ya rage wuta, ya sauke ƙananan fikafikan da ke taimakon sauka, ido ɗaya a kan agogon gudu ɗaya a kan titi. Tayoyin baya suka taɓa ƙasa da ɗan dum, na gaba ya biyo. Duka-duka abin bai kai minti goma ba. Abokan karatunsa na jira da bokitin ruwa suka sheƙa masa, al'adar da makarantun tuƙi da yawa ke yi. A Amurka bayan rigar ɗalibi ake yankewa da almakashi a rubuta kwanan wata a kai.

Minti goma kamar ba komai ba ne, amma tashin farko da Orville Wright ya yi a Amurka ranar 17 ga Disamba 1903 daƙiƙa 12 ne kacal, tafiyar mita 37, kuma shi babu malamin da ya taɓa zama a gefensa. Shekara 22 bayan haka, a Nuwamba 1925, jiragen sojan Ingila uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, jirage na farko da suka taɓa ƙasar Najeriya.

A gabana ya kira Inna a Ɗan Isa, sai a bugu na huɗu waya ta shiga. Da ya gaya mata, ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai ɗai? To shi malamin ina yat tahi?" Ya ce yana ƙasa yana kallo. Ta ce, "Kuɗin da munka biya na shi tsaya ƙasa shi yi kallo na?" Muka yi ta dariya, can kuma muka ji muryarta ta canza, ta miƙa wa Baba wayar.

Ku da ke aji huɗu da aji biyar, ga abin da na so a ce wani ya gaya mana da wuri. Ƙofar wannan karatu kiredit biyar ce da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Fiziks, sai gwajin lafiya mai tsanani, musamman ido da kunne da zuciya. Wanda ba ya bambance ja da kore yana da matsala, don fitilun jirgi da na filin jirgi da launi suke magana. Turancin kuma na baki ake so, wanda za ka ji umarni ta rediyo cikin ƙarar inji ka maimaita shi daidai. Abin da ke ba ni takaici shi ne Fiziks ɗin nan ne darasin da makarantun karkararmu suka fi rasa malaminsa, sai yaro ya gudu ajin adabi tun bai san ƙofar da ya rufe wa kansa ba. Maganar kuɗi kuwa gaskiya ce mai ɗaci, ba kowane gida ke da kawu a Legas ba. Jihar Kano ta taɓa tura matasa 100 koyon tuƙi ƙasar Jodan a zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, saboda haka abu ne da gwamnatin jiha ke iya ɗauka in ta ga dama. Kuma kwalejin tana da kwasa-kwasan injiniya da aikin hasumiya waɗanda kuɗinsu bai kai na tuƙi ba.

Solo kuma farkon hanya ce. A ƙa'idar ICAO, lasisin farko na mai tuƙa jirgi don kansa yana buƙatar awa 40 a sama, goma daga ciki kai kaɗai, har da doguwar tafiya ta aƙalla kilomita 270 wadda za ka sauka a filaye biyu daban. Lasisin kasuwanci, wanda ake ɗaukar aiki da shi, awa 200 ne, ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta. Bayan nan kowane babban jirgi sai an sake koyon irinsa.

Yanzu Yaya yana kan taswira da lissafin iska da na mai, yana shirin doguwar tafiyarsa ta farko. Damuwarsa ɗaya ita ce hazo. In hunturu ya sauka a Zariya ƙura ta rufe sama, ɗalibi ba ya tashi, wani lokaci a yi kwanaki jirage na ɗaure a ƙasa. Kullum da asuba bayan salla sai ya fita waje ya duba ko yana iya hango Kufena.