Wasiƙa daga Somerset: Koren da Ba a Gogewa

Yaya,

Ka tambaye ni abin da nake yi ranar Asabar a wannan ƙasa mai yayyafi. To, gona nake zuwa, amma ba noma ba. Idan an gama girbi an yi huɗa, sai ka ga dattawa da takalman roba suna bin kunya-kunya da na'urar gano ƙarfe, bayan sun nemi izinin mai gona. Maƙwabcina ne ya ja ni cikinsu. Galibi ƙusa ce da maɓalli ke fitowa, amma wani lokaci sai ga kwabon Rumawa, wanda ya kwana a ƙasa shekara 1,700.

Abin da ya fi kama mini zuciya shi ne yadda ake tsabtace shi. Mu da muka taso muna ganin Inna na dirje tasa da toka da lemon tsami har ta yi ƙyalli, hannunmu ƙaiƙayi yake idan muka ga tagulla ta yi kore. Nan kuwa wannan koren shi ake tattali. Ƙarfen saman kwabon ne ya rikiɗe a hankali, kuma sau da yawa fuskar sarkin da rubutun a jikinsa suke zaune. Ka sa masa tsami ko soson ƙarfe, ka share sarkin ke nan har abada, sai faifan tagulla mai ramuka.

Na zauna na kalli maƙwabcin nan yana aiki a teburin kicin. Ya jiƙa kwabon a tataccen ruwa, yana sauya ruwan kullum har laka ta saki. Sannan ya ɗauki tsinken sakace da gilashin ƙara girma, yana ɗaga ƙasa ƙwaya-ƙwaya daga tsakanin haruffa, har hancin sarki ya bayyana, sai kambinsa mai tsinaye. Da ya kai nan ya ajiye tsinken. Man zaitun ma ba ya yarda da shi, ya ce baƙanta ƙarfe yake yi. Koren da yake tsoro ɗaya ne: mai haske, mai gari-gari, wanda gishirin ƙasa da laima ke haddasawa. Wannan cin kwabon yake yi, sai a ware shi a busasshen wuri a nemi gwani.

Akwai doka kuma, tun 1996. Wanda ya tsinci sulallan zinariya ko azurfa biyu ko fiye a wuri guda, ko na tagulla goma, da suka haura shekara 300, dole ya sanar da hukuma cikin kwana 14. A 2010, kusa da garin Frome a nan yankinmu, wani mai suna Dave Crisp ya ci karo da tulu cike da sulalla 52,503. Bai tono shi ba, ya mayar da ƙasa ya kira masana. Shi ya sa aka iya kwashe su hawa-hawa, aka gano fiye da 760 na Carausius ne, wanda ya mulki Birtaniya daga 286 zuwa 293. Na je Taunton na gan su a gidan tarihi, kuma wallahi na girmama haƙurin mutumin nan.

Don Allah, Yaya, aninai masu huda da ke cikin akwatin marigayi Baba, kada yara su goge su. A naɗe kowanne daban a takarda, a ajiye inda damina ba za ta taɓa su ba, har na zo.

Ka gaida Inna da su Anti.

Ƙaninka.