Tattabaru, Tsumagiya da Yaron Layin Baya

A shekarata ta uku da fara koyarwa aka ba ni aji huɗu na firamare, yara 74 a ɗaki guda, kusan rabinsu a zaune a ƙasa saboda ƙarancin benci. Ina da tsumagiyar darbejiya da monita ke karyo mini duk ranar Litinin. Ban taɓa ɗaukar hakan mugunta ba. Haka aka yi mana, kuma haka iyaye ke so. Uba zai riƙo hannun ɗansa har bakin aji ya ce, "Malam, ga shi nan, in ya ƙi ji a zane shi." Jiki magayi, in ji mutane, ni ma na yarda.

Akwai wani yaro siriri da ke zama a layin baya, kullum a makare yake zuwa. Makon da nake tsaron ƙofa na yi masa bulala uku. Washegari ya sake makara, na ƙara. Bayan mako biyu na daina ganinsa cikin masu makara, har na ji daɗi a raina cewa magani ya ci. Ashe ƙofar ya daina bi. Sai ya laɓe a bayan katanga, gindin wata tsamiya, har a kaɗa ƙararrawar tara, sannan ya saje da masu dawowa daga sayen awara ya shige aji. Da na gano haka na ninka masa dukan. Daga ranar ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya.

Ran Asabar na nemi gidansu. Kakarsa na tarar tana tankaɗe a zaure. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, jikanki ya bar zuwa makaranta." Ta ajiye rariya ta dube ni ta ce, "Malam, ruwa yake ɗebo mana. Layin famfo ne ke tsare shi. In ya dawo ya ga rana ta ɗaga, sai ya ce gara ya zauna da ya je a dake shi." Ban sami abin cewa ba. Duk dukan da na yi masa bai rage mutum ɗaya daga layin famfon nan ba. Abin da na koya masa shi ne yadda zai kauce mini, kuma ya koya da kyau.

A hutun ƙarshen shekarar, wajen kwas ɗin ƙaro ilimi na malamai, na ci karo da labarin Edward Thorndike, Ba'amurken da a 1898 ya riƙa sa kyanwoyi masu jin yunwa cikin akwati mai sakata, abinci na waje. Kyanwa ta yi ta yaƙushi har ta taɓa abin da ke buɗe ƙofa bisa dace. Da aka yi ta maimaitawa, sai ta bar sauran kame-kamen ta riƙa nufar sakatar kai tsaye. Daga nan ya fitar da abin da ya kira dokar sakamako: aikin da daɗi ya biyo bayansa yakan kafu, wanda wuya ta biyo bayansa yakan yi rauni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a 1932 Thorndike da kansa ya dawo ya gyara rabin dokar, domin gwaje-gwajensa sun nuna masa cewa ukuba ba ta kankare hali kamar yadda lada ke dasa shi.

B. F. Skinner ya ƙara fito da wannan fili a littafinsa na 1938. Ya koya wa ɓeraye danna wani ɗan ƙarfe su sami abinci, sannan ya yanke abincin. Wasu daga cikinsu, a minti goma na farko, duk sanda suka danna sai ƙarfen ya make musu ƙafa. Nan take suka ja baya. Amma da aka daina makewar suka koma dannawa, kuma kafin ƙarshen rana ta biyu adadin dannawarsu ya kamo na waɗanda ba a taɓa ba. Dukan ya danne halin na ɗan lokaci, bai cire shi ba. Na karanta wannan sai tsamiyar bayan katanga ta faɗo mini a rai.

Abin da ya fi girgiza ni bai shafi yaron ba, ni ya shafa. Masana na raba ƙarfafa hali gida biyu. Akwai wanda ake ba ka abin da kake so bayan ka yi aiki, akwai kuma wanda aikinka ke yaye maka wata damuwa. Mutane da yawa na rikita na biyun da horo, alhali shi ma ƙara hali yake yi. Yaron da ya laɓe ya tsira daga bulala, saboda haka laɓewa ta kafu a jikinsa. Ni kuma duk lokacin da aji ya kaure da surutu na ɗaga tsumagiya, shiru ke sauka nan take, kaina ya huta. Wannan hutun shi ne ladana. Bayan minti goma surutun zai dawo, amma ya yi nisa da dukan, zuciyata ba ta haɗa su. A ɗakin nan, wanda tsumagiya ta fi horarwa shi ne mai riƙe da ita.

Akwai kuma wani abu da ke ruɗin malami. Daniel Kahneman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2002, ya ba da labarin wani mai koyar da tuƙin jirgin yaƙi da ya ce masa in ya yabi ɗalibi sai aikinsa na gaba ya lalace, in ya yi masa tsawa sai ya gyaru. Kahneman ya gane cewa ranar da mutum ya yi ƙwazo fiye da kima, ta gaba takan sauko, ranar da ya yi mummunan kuskure kuma ta gaba takan ɗan fi ta, ko an yi magana ko ba a yi ba. Mu kuwa a kan mafi munin rana muke duka, sai mu ba bulala yabon gyaran da dama zai zo.

Ban je nesa neman wata hanya ba, domin na taso a gidan da yayana ke kiwon tattabaru a tukwanen da aka jera kan katanga. In ya sayo sabuwa ba ya korarta, ba ya kama ta da ƙarfi. Zai kaɗa gero a gwangwani, ya yi fito, ya watsa tsaba nesa da shi. Gobe ya watsa kusa kaɗan. Jibi sai ta matso taku biyu kafin ya saki ƙwaya. Cikin 'yan makonni tana sauka a tafin hannunsa. Irin wannan bi-da-bi ne Skinner ya yi amfani da shi, har a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya koya wa tattabaru saran hoton abin hari domin su saita makami mai linzami, aikin da sojoji ba su kai ga amfani da shi ba. Sirrin guda ne: ba a jiran cikakken aiki kafin a saka, matsowa kaɗan ma ana biyanta, kuma a kan lokaci.

Da aka koma makaranta na roƙi hedimasta a bar yaron ya riƙa wucewa ƙofa. Na sami kawunsa muka shirya a riƙa ɗebo rabin ruwan da yamma, domin yabo ba ya cika jarka. Ranar farko ƙarfe tara ya iso, ya tsaya a bakin aji yana kallon hannuna. Na ce, "Sannu da zuwa. Ga wurinka nan, muna shafi na 12." Ya daɗe bai zauna ba. Bayan kwana uku da ya zo takwas da rabi, na ce masa a hankali, yadda sauran ba za su ji ba, "Yau ka riski lissafi daga farko." Daga baya na ba shi aikin rubuta kwanan wata a allo, wanda ba ya yiwuwa sai kafin darasin farko.

Na yi kuskure a wannan hanyar ma. Ganin abin na aiki, sai na fara sayo alewa ina raba wa duk wanda ya tashi ya yi karatu a bayyane. Wasu 'yan mata uku da dama son karatun suke, har rige-rigen ɗaga hannu suke yi, sai ga su suna tambaya, "Malam, yau akwai alewa?" Ranar da babu, hannuwa ba su tashi ba. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun ga irin haka ga yaran rainon da ke son zane: waɗanda aka yi wa alkawarin takardar yabo kafin su zana, daga baya sha'awarsu ta ragu idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa alkawarin komai ba. Na bar alewa, na koma faɗa wa yaro ainihin abin da ya yi daidai. Sai da aka yi kusan wata guda kafin hannuwan su dawo.

Ban ce a bar yaro sakaka ba. Har yau ina horo. Wanda ya tsokani ɗan'uwansa zai rasa wasan tara na ranar, wanda ya zubar da shara zai kwashe ta. Sharaɗina shi ne ya san dokar tun kafin ya karya ta, horon ya zo nan take, ya zama iri ɗaya ga ɗan kowa, kuma in nuna masa abin da ya kamata ya yi a madadin. Duka kuwa na ajiye shi, kuma nazarin da Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka wallafa a 2016, wanda ya tattara binciken da ya shafi yara sama da 160,000, ya ƙara mini natsuwa: bai nuna duka na gyara hali ba, ya danganta shi da ƙarin rigima da taurin kai.

Wata Laraba cikin sanyin hunturu, saura minti ashirin takwas ta cika, ina share teburi na ji motsi a bayana. Yaron layin bayan nan ne, ƙafar wandonsa a jiƙe har gwiwa, yana haki. Ya goge hannunsa a riga, ya ɗauki alli, ya yi ɗage ya kai saman allo, sannan ya waiwayo ya ce, "Malam, yau nawa ga wata?"